Neman shawara: ƙananan littattafai masu zane da yaro da babba za su karanta tare

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan mutum biyu da ke koyon karatun boko a gidanmu: 'yata mai shekara 6, tana aji ɗaya, da mahaifiyata da ta shiga ajin manya bayan Babbar Sallah. Inna ta yi saukar Alƙur'ani tun tana budurwa, boko ne ba ta samu ba. Yanzu tana haɗa baƙi da wasali, tana karanta gajerun kalmomi. Jiya na same ta ta ɗauki littafin yarinyar mai zanen kaza da akuya, tana bin layi da yatsa. Da ta ji motsina sai ta tura shi ƙarƙashin tabarma, ta ce ai wannan na yara ne. Abin ya taɓa ni sosai. Ina son gajerun littattafan Hausa masu zane da manyan haruffa, waɗanda yarinya za ta so, dattijuwa kuma ba za ta ji an raina ta ba. A Kano muke. Ina zan samu?

Malamar firamare:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Ki duba African Storybook da StoryWeaver a intanet, duka kyauta ne kuma akwai labaran Hausa. An jera su mataki-mataki, ki fara da mataki na 1, inda shafi guda jimla ɗaya ce ko biyu. Amma ki karanta kowanne da kanki tukuna. Da yawa fassara ce daga wasu harsuna, wani Hausarsa ta zauna, wani kuwa sai kin maimaita kafin ki gane. Ki kuma lura da ƙ, ɗ da ɓ. Idan an rubuta "kofa" maimakon "ƙofa", mai koyo zai rikice, domin abin da ya gani ba shi yake faɗa ba.

Wani dattijo daga Zariya:
'Yata, abin da kike nema an taɓa yin sa. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, an kafa hukumar NORLA a nan Zariya a 1954, ta riƙa buga ƙananan littattafai domin manya da suka koyi karatu. Ana musu magana a kan noma, kiwo, tsabta da lafiya, wato abin da ya shafe su. Babba ba ya ƙin zane, abin da yake ƙi shi ne a sa shi karanta "wannan ƙwallo ce" alhali yana da jikoki. Ki nemo mata Magana Jari Ce na Abubakar Imam ki ajiye. Ya yi mata tsawo a yanzu, amma labaran ciki gajeru ne, akwai zane jefi-jefi. Ki riƙa karanta mata ɗaya da daddare, ki bar mata layin farko ta gwada. Masu littattafai a Kasuwar Kurmi ko Sabon Gari ba sa rasa shi.

Mai shagon buga takardu:
Hajiya, kada ki bar su a waya, idon tsoho ba ya jure ƙaramin rubutu. Ki sauke, ki kawo a buga miki. Farar takarda 4 idan aka naɗe biyu tana ba da shafi 16, a danna mata ƙarfe a tsakiya, shi ke nan littafi ya samu. Baƙi da fari ya fi sauƙin kuɗi, yarinyar kuma ta samu abin shafa wa kala.

Wata uwar 'ya'ya uku:
Anti, ni dai ina ganin littafin da ya fi dacewa da su yana cikin kan Inna. Ki zaunar da ita ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ke ki rubuta da manyan haruffa, jimla ɗaya a kowane shafi, yarinya ta yi zanen. Na yi wa surukata haka. Da ta ga "Ga ta nan, ga ta nanku" a rubuce, ta karanta shi ba tare da an taya ta ba, don ta riga ta san abin da ke zuwa. Ba ta ɓoye shi ba, har maƙwabta ta nuna wa. Kuma ki ce mata jikarta ce ke buƙatar mai sauraron karatunta, kin ga kunya ta kau.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, zan shiga Kurmi ranar Asabar in sha Allah. Na yi wa Inna zancen tatsuniya da safen nan, ta yi dariya, ta ce ba a tatsuniya da rana, in bari sai bayan Isha'i. Malama, idan Inna ta faɗi tsohuwar kalma da yarinyar ba ta sani ba, kamar "ragaya", in rubuta ta yadda take ko in sauya mata da mai sauƙi?

Malamar firamare:
Ki rubuta ta yadda ta faɗa. Yarinya za ta tambaya, Inna ta yi mata bayani, sai ta zana abin a gefen kalmar.