Iyo, keke, gudu, ga aiki ga iyali: ina zan samo lokaci?

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan uwa. Na ƙudiri shiga gasar nan mai haɗa iyo kilomita 1.5, keke 40, gudu 10. A Kubwa nake, ofis a Garki, cunkoson hanya ya cinye safiyata. Asabar kuma ina zagaye tafkin Jabi da keke, uwargida tana gida da yara uku. Jiya ta ce, "Keken nan kishiyata ce." Ya kuke yi?

Ɗan Wuse: Malam, ka fara da ƙaramar: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Ni bayan sallar asuba nake gudu minti 30, kafin yara su tashi. Iyo ne mai wuya, don sai an je wurin ruwa; shi na ba ranar Lahadi.

Maman Sadiq: Baban Ummi, gaskiyarta fa. Mijina ma haka yake. Abin da ya raba mu rigima: Asabar da safe tasa, da yamma tawa, shi ke riƙe yara.

Baban Ummi: Hajiya, na ji. Riƙon Ummi kaɗai ai ya fi kilomita 40 ɗin.