Koke a gaban kwamitin majalisa: wa ya taɓa bin sa har ƙarshe?

Uwar Biyu:
Salamu alaikum. Mahaifina ya yi wa wata hukumar gwamnati aiki shekara 31, har Allah ya yi masa rasuwa bai karɓi kuɗin sallamarsa ba. Shekara huɗu ke nan ina zarya da fayil ɗinsa, bangon ma ya yage sai da na ɗaure shi da roba. Wasiƙa bakwai na rubuta, ko ɗaya ba a amsa ba. In na je a ce oga yana taro, ko a ce fayil yana sama. Yanzu wani ya ce in kai koke majalisa, wai akwai kwamitin da ke sauraron irin wannan. Yaya abin yake? Sai da lauya? Kuma in sun ce a biya, dole a biya?

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan Baba. Na sha zama a irin wannan zaure ina rubuta abin da aka faɗa, bari in gaya miki yadda yake tafiya.

A majalisar tarayyar Nijeriya, ɗan majalisa ne ke ɗaukar takardarki ya gabatar a zaure, shugaban zama ya miƙa ta ga kwamitin koke-koken jama'a. Kwamitin ya rubuta wa hukumar ya nemi ta mayar da martani, sannan a sa ranar zama. Ƙarfinsa yana cikin sashe na 88 da na 89 na tsarin mulkin 1999: majalisa na iya kiran kowa ya ba da shaida, ta nemi takardu, in mutum ya ƙi zuwa ta ba da sammacin a kawo shi.

Ranar zama ba ke kaɗai ba ce. Koke-koke ne jere a takarda, ana kiran su ɗaya bayan ɗaya, kowa 'yan mintoci. Amma nan ne za ki ga abin mamaki: daraktan da kika shekara huɗu ba ki ga ƙeyarsa ba, ga shi zaune daura da ke, fayil ɗin da aka ce yana sama ga shi a gabansa. Shugaban kwamiti ya tambaye shi, me ya hana ku biya? Dole ya buɗe baki. Na ga maganar da ta mutu tun kafin a shiga ɗaki, don hukuma ba ta son a karanta sakacinta a bainar jama'a.

Lauya ba sharaɗi ba ne. Abin da ke aiki shi ne takarda: ta ɗaukar aiki, ta ritaya, shaidar rasuwa, takardar kotu da ta nuna ku ne magada, da wasiƙun nan bakwai, musamman masu hatimin karɓa. Kokenki kar ya wuce shafi biyu, kuma ki rufe shi da abin da kike nema ƙarara. Masu cika shafi goma da kuka, 'yan kwamiti kan karanta su rasa me za su yanke.

Tambayarki ta ƙarshe kuwa, a'a. Kwamiti rahoto yake kai wa zaure, zaure ya amince da shawarwarinsa. Ƙuduri ne, ba hukuncin kotu ba, ba za ki iya ɗaukarsa ki sa a riƙe asusun hukuma ba.

Ɗalibin Shari'a:
Baba Akawu ya gama magana. Ƙari kawai: ba ko'ina ake buƙatar ɗan majalisa ba. A Jamus, sashe na 17 na tsarin mulki ya ba kowa damar rubuta wa majalisa kai tsaye, ko da ba ɗan ƙasa ba ne, ko da shi kaɗai ne. Kenya ma sashe na 119 na tsarin mulkin 2010 ya ba kowane mutum wannan haƙƙi. Na Birtaniya da ake yawan gani a labarai daban yake: kwamitin da aka kafa a 2015 yana duba koken intanet, sa hannu 10,000 gwamnati ta amsa, 100,000 a duba yiwuwar muhawara. Wannan na manufofin ƙasa ne, ba na kuɗin sallamar mutum ɗaya ba.

Mai Gaskiya Ɗaci:
'Yar'uwa, kar ki zuba duk ruwanki a tulu guda. Hukuma kan ƙi zuwa, a ɗage. Ta turo ƙaramin ma'aikaci da ba shi da ta cewa, a kore shi a sake ɗagewa. In wa'adin majalisar ya ƙare ba a kai rahoto ba, sau da yawa sai an koma farko. Sannan in magana tana gaban kotu, kwamiti ba ya taɓa ta, alhali zamanki a majalisa ba ya tsayar da wa'adin shigar da ƙara. Don haka ki ji ta bakin lauya a kan wa'adin nan ko sau ɗaya ne. Akwai kuma Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, kyauta take karɓar ƙorafi.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kwance robar nan na duba: uku ne kawai cikin wasiƙun ke da hatimin karɓa, sauran a hannu na miƙa wa masinja. Baba Akawu, in haɗa da huɗun nan, ko in bar su?

Tsohon Akawu:
Haɗa duka, amma ki sa masu hatimi a sama. Kuma kwafi za ki bayar, na asali ya zauna a jakarki har ranar zama.