Kan baƙin mutum a tambarin Coburg: girmamawa ce ko cin fuska?

Sadiya: Jama'a, ku dubi tambarin garin Coburg da ke jihar Bavariya a Jamus. Kan baƙin mutum ne, da jajayen leɓɓa da ɗan kunnen zinare, a bisa launin ruwan ɗorawa. Ni a wurina cin fuskar baƙar fata ne, ba kwana-kwana.

Malam Habu: Bi a sannu, 'yata. Ba bawa aka zana ba. Waliyyin garin ne a wurin Kirista, Mauritius, kwamandan wata rundunar Rumawa da ake cewa daga Masar ta fito. Ya ƙi bin umarnin sarki na afka wa Kiristoci, aka kashe shi a ƙarni na 3 a inda yanzu yake Switzerland. Babban cocin garin ma sunansa aka sa masa.

Sadiya: To Malam, in soja ne, ina sulkensa? A babban cocin Magdeburg, wani birni a Jamus, akwai mutum-mutuminsa na ƙarni na 13, shi ma baƙi, amma sanye da sulke, kwarjini har ƙasa. Na Coburg kai da ɗan kunne kaɗai aka bar masa.

Bashir: Ni ga abin da ya tsaya min. Coburg ne garin farko da 'yan Nazi suka samu rinjaye a majalisarsa, a 1929. A 1934 suka cire baƙin nan, suka sa takobi mai alamarsu. Sai 1945 ya dawo. Yaya Sadiya, ki duba su wa kike neman bin sahunsu.

Sadiya: Haba Bashir! Don azzalumi ya ƙi abu, shi ke nan abin ya wanke? Waɗanda suka shigar da koke kan tambarin nan a 2020 ba takobin Hitler suka ce a maido ba, zanen suka ce a sauya.

Hajiya Rabi: Ni abin da ya ba ni haushi, har a murfin ramukan kwata na titi an buga fuskarsa. Wane waliyyi ake takawa da takalmi?

Malam Habu: Wannan kam al'adarsu ce, Hajiya. Garuruwan Jamus da dama suna buga tambarinsu a murfin kwata, zaki ne ko gaggafa.

Hajiya Rabi: Zaki ai ba ɗan Adam ba ne, Malam.

Bashir: Garin dai bai sauya shi ba har yau.

Sadiya: Su bar shi. Su dai mayar masa da sulkensa, sai mu yi magana.