Wace kalma za mu ba CSR da Hausa?

Jama'a, ku taya ni nema. Ƙanena yana karatun kasuwanci a Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Zariya, ya dawo gida da CSR (Corporate Social Responsibility) a bakinsa. Baba ya ce, "Kai, faɗa min da Hausa." Yaro ya yi ta kame-kame.

Abin da ake nufi dai, kamfanin da ke cin riba a wuri ya amfanar da mutanen wurin, kuma ya guji cutar da su.

Na fi jin ana cewa "tallafin kamfani" ko "ayyukan jin ƙai". Ban gamsu ba. Mai tallafi in ya ga dama ya bayar, in ya fasa babu mai tuhumarsa. Wani ya ce "sadakar kamfani". Ita kuwa sadaka don Allah ake yin ta, ba a gayyato mata masu ɗaukar hoto.

A unguwarmu wani kamfani ya haƙa burtsatse, ya kafa allon sunansa wanda ya kusa fin tankin girma. Ba a yi wata uku ba famfon ya lalace. Yau 'yan ga-ruwa na tura kurar jarkoki ta gabansa, allon na nan fes. Samarin layinmu suka ce, "Talla ce kawai." Ka zauna da su a majalisa ka ji tambayoyinsu: nawa yake biyan leburorinsa, ina yake zubar da dagwalon ruwansa, wa zai gyara famfon? Waɗannan yaran ba godiya suka rasa ba, a ganinsu bashi suke bi.

Shi ya sa nake son "haƙƙin maƙwabtaka". Mu Zazzagawa mun san kamfani na zama maƙwabci, tunda unguwar PZ ta Sabon Gari sunan kamfanin Paterson Zochonis ta ɗauka. Haƙƙi kuma bin sa ake yi. Indiya ta yi doka a 2013 da ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a irin wannan aiki. Dokar man fetur tamu ta 2021 ma ta ware wa garuruwan da ake haƙo mai kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfanonin mai.

Inda na cije shi ne kamfanin waya, wanda duk mai layi maƙwabcinsa ne. Ko a nan "haƙƙin jama'a" ya fi zama? Malamanmu na Hausa a ABU Samaru, ku raba mana.