Neman Shawara: In Rabu da Tsohuwar Motata ta Jamus, In Koma Ƙaramar Toyota?

Baban Amira:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma na daɗe ina juya maganar a raina kafin in kawo ta gabanku.

Ina da mota ƙirar Jamus, 'yar 2006, mai fulogi shida, irin manyan nan masu kujerun fata da ƙafafun iska. Baljiyam na saye ta a 2014, shekarar da aka ƙara mini girma a wurin aiki. Shekara bakwai na farko ba ta taɓa ba ni kunya ba, daga juye sai taya sai birki. Gidana yana Zariya, aikina yana Kaduna, kusan kilomita 80 zuwa, 80 dawowa, kuma mafi yawan ranakun aiki a hanyar nake.

Shekara biyu ke nan da ta fara gajiya. In na ajiye ta da dare, da safe sai in tarar bayanta ya zauna a kan taya. An canza balan-balan ɗin iskar sau biyu, an canza injin da ke hura su sau ɗaya. Wata rana giya ta maƙale a wuri guda, haka na lallaɓo da ita gida a hankali. Esi yau sanyi gobe zafi. Na zauna na haɗa lissafin wata takwas da suka wuce, abin da na kai gareji ya kai albashina na wata uku, ban da mai. Kowa ya san yadda mai ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023: litar da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura 1,000.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na ranar Alhamis. Muna dawowa daga dubiya da iyalina da yara biyu, mun wuce Jaji kaɗan bayan magariba, sai motar ta mutu tana cikin gudu. Na gangara gefe. In na murɗa makulli sai ta yi ta juyawa, ba ta kamawa. Minti arba'in muka yi a cikin duhu, Amira ta riƙe hannun mahaifiyarta ba ta ce uffan ba. Can sai ta tashi kamar ba abin da ya faru. Tun daren nan ban sami barcin kirki ba.

Zan faɗi gaskiyar abin da ya riƙe ni. Ni ne babba a gidanmu. Duk bikin da aka yi a dangi, motar nan ce ke ɗaukar amarya. Ina jin nauyin a gan ni a ƙaramar Corolla a ce Baban Amira ya karye. Ga kuma dillalai biyu da suka gan ta, abin da suka taya ko kashi ɗaya cikin uku na kuɗin Corolla mai kyau bai kai ba.

In na haɗa kuɗinta da ajiyata da rancen ƙungiyar ma'aikatanmu, zan iya Corolla ko Camry ta tsakanin 2012 da 2015. In sayar ne? In ajiye ta in sayi ƙarama? Wacce za ta jure wannan hanyar?

Mai Gareji:

Wa alaikumus salam, Yallaɓai. Allah Ya ƙara tsarewa. Shekarata ashirin da wani abu ina kwanciya a ƙarƙashin motocin Jamus, bari in fara da na Jaji. Motar da ta mutu da zafi, tana juyawa ba ta kamawa, ta huce ta tashi, abu na farko da muke zargi shi ne sensar kirankishaf, wadda ke gaya wa birenbos, wato kwamfutar motar, yadda inji ke juyawa. In ta tsufa, zafi ke kashe ta. A jona kwamfuta a tabbatar, domin famfon mai ma yana yin kama da haka. In sensar ce, ƙaramin aiki ne. Ka gyara ko da sayarwa za ka yi.

Amma kada sauƙin wannan ya rinjaye ka. Ciwon motarka tsufa ne. Duk abin da ke jikinta na roba ne ko na waya shekarunsu ɗaya, kuma tare suke gajiya. Balan-balan ɗin nan roba ce, zafinmu da ƙura suna tsattsaga ta. Da ta fara yoyo, injin hurawa ba ya hutawa har sai ya ƙone, shi ya sa ka canza su a jere. Kayan da ake samo maka a Panteka kuwa daga jikin sa'o'inta aka ciro su, wato tsoho ake cirewa a sa tsoho. Sabo fil yana nan, amma da dala ake kawo shi, kuma ka san inda naira ta tsaya. Ana iya cire iskar a sa mata sifirin na ƙarfe, mun yi wa mutane da yawa, sai dai hakan bai taɓa giya ba, bai taɓa wayarin ba, bai rage mata shan mai ba.

Mota irin wannan tana son mai mota biyu. Wanda zai yi kilomita 160 a rana da ita kaɗai, wahala zai sha.

A kan wadda za ka saya: Camry daga 2010 zuwa sama mai inji 2.5 nake ba ka shawara. Ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4 an san da yawansu da shan baƙin mai saboda ringi, ka kauce mata. Ta 2012 zuwa 2014 kuma ka gwada ta a kan titi, ka taka a hankali tsakanin gudun 40 da 80. In ka ji tana karkarwa kamar ka hau ƙananan kunya-kunya, giyar ce, ka bar ta. Corolla daga 2014 yawancinsu giyar CVT gare su. Giya ce mai kyau da rage shan mai, amma tana da man giya nata na musamman. Wanda ya zuba mata man giyar da aka saba da shi ya gama da ita, kuma ba kowane gareji ke iya buɗe ta ba. Ta 2013 zuwa ƙasa tsohuwar giya ce mai hawa huɗu, ko a ƙauye ka lalace za ka sami mai taɓa ta.

Maman Sadiq:

Baban Amira, ni ba inji na sani ba, amma na san zaman gefen hanya da yara. Ya taɓa faruwa da mu a hanyar Funtuwa, kuma har yau in maigidana ya ce a shirya tafiya, sai na tambaye shi ko an duba motar. Ka tambayi Maman Amira abin da ta ji a minti arba'in ɗin nan. Ina kyautata zaton ba ta faɗa maka duka ba, don kada ta ƙara maka damuwa.

Maganar ɗaukar amarya ta taɓa ni, domin na san yadda ake ji da babban wa a dangi. Amma ka duba, biki sau nawa ake yi a shekara? Uku, huɗu? Hanyar Kaduna kuwa kullum ce. Ƙannenka da suke girmama ka saboda kai ke tsaya musu a asibiti da makaranta, ba za su daina ba don ka canza mota. Waɗanda za su yi magana kuwa, ko ɗaya daga cikinsu bai zo Jaji ya tura maka ba. In bikin ya zo, a ari ta wani a ɗauki amarya, haka kowa ke yi.

Ni dai roƙona, kafin a gama shawara, kada ka ƙara sa iyali a cikinta bayan la'asar.

Abu Hanif:

Ni ina da ra'ayi daban kaɗan, Yaya. Mutumin da ya yi shekara goma a babbar mota, in ya shiga Corolla a doguwar hanya, bayansa ne zai fara kuka: ƙarar iska, ƙarar taya, kowane rami sai ya ji shi. Me zai hana ka duba Lexus ES 350? Toyota ce ke yin ta, ƙashinta na Camry ne, ba ta da ƙafafun iska, kuma kayanta suna ko'ina. Ga kujerun fata, ga shiru a ciki. Amarya ma za ta shiga ba tare da kowa ya ce komai ba.

Malamin Lissafi:

Abu Hanif, motar tana da kyau, amma injinta 3.5 ne mai fulogi shida, wato bai gudu daga gidan mai ba. Ni ma ina bin hanyar nan. Mu ɗauka babbar mota tana shan lita 11 a kilomita 100, ƙarama kuma lita 7 ko 8. A kilomita 160, bambancin ya kai lita 5 zuwa 6 a rana. Kwana 20 a wata, ya haura lita 100. Baban Amira ya ninka da farashin yau, ya ga ko bai biya masa rabin abin da za a riƙa cira na rance ba. Kuma ES ɗin da kuɗinsa zai kai, ta 2008 ce ko 2009, kusan sa'ar wadda yake son rabuwa da ita.

Tsohon Dillali:

Alhaji, na yi shekaru ina shigo da motoci tun ana bi ta Kwatano, kafin gwamnati ta hana shigo da su ta kan iyakar ƙasa a farkon 2017. Ka saurare ni a kan saye, domin nan ake zubar da kuɗi.

Yawancin abin da muke kira Baljiyam yanzu daga Amurka yake zuwa, kuma da yawa daga gwanjon motocin da suka yi hatsari ne ko ambaliya ta shanye. Mai hatsari da aka gyara da kyau ana iya zama da ita. Wadda ta sha ruwa kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, domin za ka koma gidan jiya da ciwon waya. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko ya yi tsatsa, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin laka. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 tana nan a ƙasan gilashin gaba. Ka sa yaro ya bincika ta a intanet, sau da yawa har hoton motar ranar gwanjo yana fitowa. Lambar nan kuma ta zama ita ce a takardar kwastan, harafi da harafi. Kada ka yarda da mita, ana mayar da ita baya. Ka dubi sitiyari da fedar birki, su ba sa ƙarya. Ka je da safe inji yana sanyi, da bakanikenka, ba na mai mota ba, da kwamfutarsa.

Kada kuma ka kashe kuɗin duka. Ka rage na taya huɗu, batir, juye da man giya. Tayar da ta zo da mota daga ƙasar sanyi ba abin yarda ba ce a titinmu da rana tsaka.

Taka kuwa, kada ka ba dillali musaya, zai danne ka ta fuska biyu. Ka gyara sensar, ka wanke ta, ka nemi mai son irinta da kansa. Akwai su, yawanci masu wata motar a gida. Kuma kada ka ajiye ta da sunan motar biki. Irinta in ta zauna wata uku, batir ya mutu, iska ta sace, ɓera ya shiga wayarin, ƙarshenta 'yan yanka ne za su saya da kuɗin ƙarfe.

Malam Na Tudun Wada:

Ƙari ɗaya a kan maganar Tsohon Dillali. In mai saye ya zo, ka faɗa masa komai: iskar, giyar, da abin da ya faru a Jaji. Ɓoye aibin kaya bai halatta ba a ciniki, kuma kai da ka ɗanɗana tsayuwar dare da iyali ba za ka so ka miƙa wa wani ita a rufe ba. Ko kuɗin ya ragu, ka karɓa.

Baban Amira:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Maman Sadiq, na tambayi Maman Amira jiya da dare kamar yadda kika ce. Ta ce tun bara take son ta yi mini maganar, ta ga yadda nake ji da motar ne ta yi shiru. Wannan ya fi komai yi mini nauyi.

Zan sayar, kuma zan faɗi aibinta, in sha Allah. Raina ya fi kwantawa da Camry mai 2.5, saboda hanyar da kuma yara. Mai Gareji, tambaya biyu: wani abokin aiki yana ce mini in mayar da wadda zan saya mai amfani da gas ɗin CNG tun daga farko, me ka gani? Sannan yaushe zan kawo maka wannan a jona kwamfuta?

Mai Gareji:

Gas ɗin ka dakata tukuna, Yallaɓai. Ka hau motar wata uku da fetur ka san halinta, don in wani abu ya taso mu san daga ina yake. Tukunyar tana cin kusan rabin but, kuma sai ka tabbatar akwai inda za ka riƙa sha a kan hanyarka ba tare da dogon layi ba. In ka ga ya yi maka daga baya, a cibiyar da aka amince da ita za a sa, da tukunyar da aka yi don CNG, ba ta girki ba.

Ka kawo ta ranar Asabar da hantsi, ka taho da rana, kai kaɗai. Ka zo da duk rasiɗan gyaran da ka ajiye, za mu jera su a ba mai saye.