Musayar Waƙa: Tarbiyyar Gida da Hannun Mai Fasaha

Mai Gizago: Bismillah. Mai ja da wannan, ya ja da baiti.

Gida ne makarantar hannu ta farko,
Uba ya koya jira, uwa gamawa.
Ɗanyen icce in ka sassaƙa shi yau,
Kafin a jima zai soma tsagewa.
Waje ya bushe, ciki yana jiƙe,
Wajen ya tsuke, ga dalilin darewa.
A shafe kan gungume da kakin zuma,
A jera a inuwa, iska na ratsawa.
Kaurin inci guda, shekara guda,
Wanda bai koyi jira ba, ina iyawa?

Zaren Alharini:

Yaya, ka yabi gida kamar ba aibi,
Gida nawa suka binne baiwar yara?
Yarinya ta zana riga a bayan littafi,
A ce "bar shirme, tashi ki yi shara."
Wadda aka ba tsumma da almakashi,
Ta san a wanke auduga kafin a fara,
Don in ta sha ruwa tsawonta zai ragu,
Riga ta ɗage, mai kaya ya kai ƙara.
A bar santimita ɗaya da rabi a gefe,
Ran da jiki ya ƙaru, nan ake gyara.

Autan Mawaƙa: Allah ya ƙara basira, Anti! Wallahi allurar nan ta fi gizago kaifi.

Na Hannun Dama: Auta, kullum kana bayan Anti ko me ta ce. Baba Mai Gizago ya kawo hujja da ma'auni, ita ƙorafi ta fara da shi.

Mai Gizago:

Ƙanwata, allurarki ta soki iska,
Ni ban ce a ɗaure yaro a turke ba.
Telan da ya karɓi ɗinki goma a mako,
Alhali ƙarfinsa bai wuce biyar ba,
Wa ya koya masa? Keke ba ya ƙarya,
Gidansu ne ba a tsawata wa saɓa alkawari ba.

Malam Aruli: A gafarce ni, Baba, ɗangon ƙarshe ya karye. Gaɓa 17 ne a cikinsa, wanda ya gabace shi kuwa 12. Sannan amsa-amon "ba" kowa yana iya jera shi har gobe.

Na Hannun Dama: Malam, ƙirga gaɓa da yatsu ba shi ne aruli ba. Aruli nauyin gaɓa yake aunawa, doguwa da gajeriya, ƙafa bayan ƙafa. Kai da ke ɗauke da sunan, kai ya kamata ka faɗa mana haka.

Malam Aruli: Na sani sarai. Halilu ɗan Ahmad ya tsara karuruwa 15 a Basra, Ahfash ya ƙara Mutadarak suka cika 16. Nuna mini wanda ɗangon nan ya hau a cikinsu. Zihafi yakan rage harafi ko ya sassauta ƙafa, ba ya ɗaukar gaɓa biyar ya ɗora a kai.

Autan Mawaƙa: To rera shi mu ji, Na Hannun Dama. Numfashinka zai ƙare tun a "tsawata".

Na Hannun Dama: Mawaƙin baka yana cusa gaɓoɓi da yawa cikin bugun kiɗa ɗaya, ba wanda ya ce ya karya waƙa.

Malam Aruli: Wannan da kiɗa ke nan. A nan rubutacciya muke yi.

Inna Maginiya: Sai yanzu na iso, na tarar kun bar zancen yara kuna awon ɗango. 'Ya'yana, ku saurara.

A cuɗa yumɓu sosai ya zama ɗaya,
Tukunya ta bushe a inuwa, ban da ƙyalli.
In baki ya riga gindi sai ta tsage,
A rufa mata ƙyalle, ga dalili.
A digiri 100 ruwa ke zama tururi,
Nan ake jan wuta sannu a hankali.
Mai sauran laima ta fashe a gashi,
Ta ɓata na kusa da ita, ga misali.
Uwar da yaro ya fasa mata goma,
Ta nuna masa sanadi, ta gina hali.
Wanda ake duka kwaikwayo zai iya,
Tsoro ba ya haifar da sabon fasali.

Autan Mawaƙa: Inna ta bi bayan Anti, magana ta ƙare!

Na Hannun Dama: Ina? "Ta gina hali" ta ce. Zancen Baba ke nan tun farko.

Zaren Alharini: Sannu da zuwa, Inna. Yaya, ga taka, ban manta da telan nan ba.

Iyaye yunwa suke jiye wa ɗansu,
Shi ya sa suke kore shi daga zane.
Su koya masa lissafi ya fi kora:
Kuɗin kaya nawa, awa nawa ne?
Kafin alƙalami rabi a karɓa,
A rubuta ranar bayarwa, sharaɗi ne.
Gyara biyu kyauta, na uku da lada,
Telanka bai san wannan ba, shi ne.

Malam Aruli: Anti, "shi ne" ɗin nan cikon ɗango ne kawai, bai ɗauki ma'ana ba.

Mai Gizago: Malam, bari na gama da ƙanwata tukuna.

Lissafin naki na karɓa, ƙanwata,
Amma kin bar kuɗin washi da gyaran keke.
A ware kashi guda cikin goman riba,
Ran da allura ta karye kar aiki ya sarƙe.