Kwantenar kifi daga Muritaniya zuwa Garwa: wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan Rumde:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan ɗakin sanyi a Garwa ta Kamaru, na daɗe ina sarin kifin makero wurin manyan dillalai, ribar da ke rage mini ba ta taka kara ta karya ba. Yanzu mu uku mun haɗa kuɗi za mu yo kwantena mai ƙafa 40 kai tsaye daga Nuwadibu ta Muritaniya. Mai kayan ya ce tana cin tan 26, wato katan 1,300 na kilo 20. Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Mu sauke a tashar jirgin ruwa ta Duwala ko ta Kiribi? Sannan mu taho da kwantenar da janaretonta har Garwa, ko mu juye kayan a motar firigo, wato mota mai sanyi, tun can? Kasona kuɗin filina ne da na sayar, don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mini gaskiya. Muna so kaya su iso kafin azumi.

Hajiya Mai Tuwo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ga madatsar ruwan Lagdo a bayan gidanka, me ya kai ka Muritaniya? Ni karfasa nake sa wa masu cin tuwona, ba wanda ya taɓa yin ƙorafi.

Modu Kuseri:
Bafulatani da kifi? To wa ka bar wa shanun? Ka sayar mini da su in riƙe maka amana.

Ɗan Rumde:
Modu, bawana, bari in gama da manya tukuna. Hajiya, kifin Lagdo ba ya isar gari, kuma talaka makero yake iya saya.

Malam Sale Tiranziter:
Ni fitar da kaya daga tasha ce sana'ata. Ka fara da takardu kafin maganar tasha. Sai ka sami izinin shigo da kifi daga ma'aikatar kiwo, MINEPIA, da takardar lafiyar kaya daga can Muritaniya, da BESC, wato takardar bin sawun kayan jirgin ruwa. Kaya in sun kai sefa miliyan 5 dole ka bi ta banki, ba aike ta hannun ɗan'uwa ba. Kiribi ruwanta ya fi zurfi, tun 2018 manyan jirage ke tsayawa, amma ba layin dogo, kuma ɗakunan sanyi da motocin firigo sun fi yawa a Duwala. Ka riƙe wannan kuma: kwantena ba ta daskarar da kaya, sanyin da aka loda su da shi take tsarewa. Kifi ya shiga a 18 ƙasa da sifiri, ya zauna a haka har ƙofar shagonka.

Alhaji na Njamena:
Ɗan'uwa, zauna ka ji nawa. Ni ma haka na tashi da zafina, har da kuɗin ƙanina a ciki. A teku ba abin da ya sami kayan, jirgi na ba kwantena wuta dare da rana. Wahala a tudu take. Wanda na ba aikin fitar da kaya ya ce komai ya kammala, ashe takarda ɗaya ba ta fito ba. Kwanakin kyauta suka ƙare, kuɗin jinkiri ya fara hawa, ga kuɗin jona wuta a tasha kullum, shi ma daban. Na kwana a masaukin unguwar New Bell ta Duwala ina kirga asara da yatsu.

Da kaya suka fita sai na ce Alhamdu lillahi, na ba direba kuɗin gazuwal, wato dizal na janareto, har da ƙari, na hau jirgin ƙasa na riga shi. Nan na kashe kaina. Bawan Allah nan in dare ya yi sai ya kashe injin, ya sayar da man a hanya, da asuba ya tayar. Daga Bertuwa zuwa Maiganga da ɗan sanyi-sanyi, abin bai nuna ba. Da ya gangaro dutsen Ngaundere ya shiga zafin Binuwai a watan Afrilu, shi ke nan. Aka buɗe ƙofa bayan gadar Ngeli ta shiga Njamena, katan na bakin ƙofa da ƙarfinsu, na ciki sun narke sun sake daskarewa sun manne da juna, jini ya bushe a ƙasa. Likitan dabbobi ya duba ya ce a binne, kuma gaskiyarsa, ni ma ba zan ba 'ya'yana ba. Na je wurin masu inshora, suka nuna mini a takardata cewa tasu ta ƙare a bakin tasha. Har yau ƙanina ba ya shiga gidana sai da salla.

Hajiya Mai Tuwo:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Direban fa?

Alhaji na Njamena:
Ya rantse da Alƙur'ani injin bai taɓa tsayawa ba. Ba ni da shaida, yaron motar ne ya gaya mini daga baya, shi kuma ya ƙi maimaitawa gaban hukuma.

Malam Sale Tiranziter:
Akwai shaida, Alhaji. Injin kwantena na rubuta zafi da sanyin tafiyar duka, ana iya neman a ciro. Akwai kuma 'yar na'ura da ake jefawa cikin katan.

Alhaji na Njamena:
Yanzu kake faɗa. Irinku ne kuka kai ni inda nake, Malam Sale. Kowa ya iya bayani in ba kuɗinsa ne a ciki ba.

Malam Sale Tiranziter:
Haba Alhaji, ban san ka ba, ban taɓa aikinka ba. Don mutum ɗaya ya cuce ka ba za a ce duk masu sana'ar ɓarayi ne ba.

Bappa Direba:
Mu ma a daina yi mana kuɗin goro. Ɗan Rumde, firigo daga Duwala zuwa Garwa miliyan 2 ne, ina da wanda zai yi maka.

Abbo Marwa:
Miliyan 2 a wace shekara? Bara sai da na biya 3 da rabi, ban da man janareto.

Bappa Direba:
Kai da kwantenar ka taho. Kuɗin ajiya da kamfanin jirgi ke riƙewa da kuɗin mayar da ita fanko duk ka haɗa a ciki. Ba lissafi ɗaya ba ne.

Abbo Marwa:
Ban haɗa ba, Bappa. Takardar na hannuna.

Ɗan Rumde:
To juyewar ta fi ke nan? Tsorona buɗe ƙofa a zafin Duwala.

Modu Kuseri:
Ka shiga cikin kwantenar ka zauna da bargo, ka ga ba mai kashe inji. In ka iso mu sayar da kai tare da makero.

Inna Asabe:
Ku bar wasa, mutum ya sayar da fili. Ni tambayata ɗaya, ɗana: in kayan sun iso lafiya, da wace wuta za ka riƙe tan 26? Kafin azumi kake cewa, in ya faɗo a rani, lokacin ne ruwan Lagdo ke ja baya, a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Ni firiza biyu kawai gare ni na ƙanƙara da zoɓo, bara kaji na mutane da na karɓi ajiya suka lalace, na biya daga aljihuna.

Abbo Marwa:
Inna kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Madatsar da aka gama tun 1982, injin huɗu, ita ke ɗauke da Ngaundere da Garwa da Marwa, alhali garuruwan sun ninka. An sa faranti masu hasken rana a Marwa da Gidar, da rana an ɗan samu sauƙi, amma firiza ai ba ta san dare ba.

Bappa Direba:
Ku da kuke ganin wutar ma. Mu a unguwarmu in ta zo da ƙarfi take zuwa, ta ƙone abin da ta tarar.

Inna Asabe:
Haka ta cinye mini kwamfaresa. Kuma takardar kuɗi ba ta fashi, wata ya ƙare za ka gan ta a ƙofa, ko ka sha wuta ko ba ka sha ba. Abbo, wanda ya haɗa maka sola a shago, batir nawa ya sa maka, kuma yana ɗaukar firiza har asuba? In yana zuwa Garwa ka turo mini shi.